Zagaye Na Uku

'Ya'yana, bari in fara da laifina kafin in zo kan naku.

Shekarun baya, ina ƙaramar malama a wata makarantar kwana ta 'yan mata, aka ɗora mini kula da wasannin ɗaya daga cikin gidajen ɗalibai. Ba don na san kan abin ba. Malamar da ke riƙe da aikin ce aka yi wa canjin wuri, ni kuma sabuwar zuwa ce, bakina bai yi ƙwarin cewa a'a ba. Ranar gasar gidaje ta faɗo cikin hunturu, hazo ya rufe gari, an ja layuka da toka a kewayen filin ƙwallo, an jera wa manyan baƙi kujeru a ƙarƙashin rumfa. A gidanmu akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, doguwa siririya, wadda in aka kaɗa ƙararrawar abinci ba mai riga ta isa. Ita muka sa a tseren mita 800, wato zagaye biyu na filin. Ana busa usur ta fita kamar an saki kibiya. Kafin a gama zagayen farko ta ba sauran rata mai yawa, 'yan gidanmu har sun fara kiɗa da bokiti. Ta shiga na biyu, ta ɗan taɓa, sai na ga kafaɗunta sun ɗage, haɓarta ta yi sama, ta fara waiwaye. Can sai ta ratse gefe ta durƙusa cikin ƙura. Wata gajeriya 'yar wani gidan, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi, ta zo ta wuce ta, baki buɗe, fuska a yamutse kamar mai shirin kuka, tana jan ƙafa har ta kai ƙirjinta ga zare.

Na ruga da kofin ruwa da garin gulukos a tafin hannu. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Malama, ba ni da lafiya. Ƙafafuna sun mutu, ƙirjina kamar an zuba barkono." Hankalina ya tashi, muka cicciɓe ta zuwa ɗakin magani. Ba a yi minti goma sha biyar ba ta miƙe tana tambayar ko an ajiye mata abincinta. Daga ranar ba ta ƙara yin gudu ba, ni ma ban matsa mata ba, don na yarda ƙirjinta ne ba shi da ƙwari.

Sai bayan shekaru na gane lafiyarta lau. Abin da ta ji shi ne abin da duk mai gudun mita 800 take ji, tun daga 'yar makaranta har zakarar duniya. Gajeriyar nan da ta wuce ta, ita ma barkonon ne a ƙirjinta. Ita ta ci gaba da shi, tamu kuwa ta zaci cuta ce ta kama ta. Kuma ba laifinta ba ne. Ni ya kamata in zaunar da ita tun ana gobe gasa in ce mata: a wuri kaza za ki ji kaza, kada ki tsorata, kowa na jin sa. Ban faɗa ba don ni ma ban sani ba.

Wani abin haushi, manyan duniya ma sun taɓa tafka irin kuskurena. A 1928, a gasar Olamfik ta Amsterdam, aka fara barin mata su yi tseren mita 800. Wata Bajamushiya, Lina Radke, ta zo ta ɗaya har da kafa tarihi. Amma da aka ga wasu daga cikin matan sun zube suna haki bayan sun gama, yadda maza ma suke yi, sai jaridu suka ɗauki kururuwa wai abin ya fi ƙarfin 'ya mace. Aka cire tseren daga Olamfik, ba a dawo da shi ba sai 1960 a birnin Rum. Shekara talatin da biyu, saboda an ga gajiya an kira ta cuta.

Ni dai karatun da na rasa a fili, a gaban talabijin na same shi bayan na yi ritaya. Akwai gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle da ake yi a rufaffen zaure, galibi cikin watan Maris, wadda aka fara da wannan suna a 1987 a Indianapolis ta Amurka. Sanyi ne asalinta: inda ƙanƙara ke rufe fili wata da watanni, dole a shigar da gudu ɗaki. Na san wani a cikinku zai ce, Hajiya, me ya haɗa mu da gudun ɗaki, mu da rana ta ishe mu, balle gudun mata da irin shigar da suke yi? Shigar kam ban aike ku kwaikwayo ba. Amma mutum yakan tsaya a bakin gonar da ba tasa ba ya koyi huɗa. Kuma in kun duba waɗanda suka sha cinye matsakaicin zango a wannan gasa, za ku tarar da 'ya'yan Afirka birjik: Habasha, Kenya, Mozambik, Burundi, Afirka ta Kudu.

Filin tsere na waje zagayensa mita 400 ne. Na cikin zaure rabin haka ne, mita 200, yawanci layi shida, kuma kwanarsa biyu a karkace suke kamar gefen tasa, don kada gudu ya watsar da mutum waje. Saboda haka mita 800 zagaye huɗu ne, mita 1500 bakwai da rabi, mita 3000 kuma goma sha biyar. Mai son gama 800 cikin minti biyu, dole kowane zagaye ya tsaya mata a sakan 30. Ku auna da abin da kuka sani: kusan tsawon filin ƙwallo sau biyu cikin rabin minti, a kuma jera haka sau huɗu ba hutu. Da yake wurin a matse yake, kyamara tana dab da su, kana ganin jijiyar wuya, kana ganin lokacin da ido ya canza. Abin da filin makarantarmu ya ɓoye mini cikin hazo, nan na gan shi a rarrabe, don an yanka tseren gida huɗu kuma kowane gida da halinsa.

Zagayen farko na ɗoki ne. Jiki cike, kowa na neman wurin tsayawa, ana gogar kafaɗa. Kada ku zaci nasihata ita ce a fara a hankali. Wannan ba tseren kunkuru ba ne; wadda ta yi sanyin jiki a farkon mita 800 ta gama yawo, kuma masu kafa tarihi ma rabin farko suka fi yi da sauri. Yarinyata ba ta yi laifi ba da ta fita da ƙarfi. Zagaye na biyu da guzurin na farko ake yin sa. Na huɗu kuwa yana da ƙararrawa, zaure ya ɗauki ihu, ga layin ƙarshe ana hange, ko ragguwa ce ta motsa.

Na uku shi ne maraya. Ɗoki ya ƙare, ƙararrawa ba ta zo ba. Tsoka ta riga ta ci abin da numfashi ba zai iya biya nan take ba, bashi ya taru, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bulo. A daidai nan ne zuciya take kawo shawararta mai daɗi: ɗan sassauta mana, kya rama a na ƙarshe. Masu horarwa sun san nan ne gudu yake lafawa ba tare da mai shi ta ankara ba. Tana jin kamar ta ƙara himma, agogo kuwa yana cewa ta rage. Taku biyun da aka ba ta a wannan zagaye, da wuya ta sake ganin su.

Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Haka ne, amma wanda ake yi wa ya san an kusa gamawa, sai ya cije. Inda aka fi tashi a gudu shi ne tsakiyar kai, rabi a aske rabi da gashi. Mu masu azumi ma mun fi kowa sanin wannan, tun da har suna muka raɗa wa kwanakin: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin salla. In kuna musu, ku leƙa sahun asham a daren farko, ku sake leƙawa a daren sha biyar.

To haka yake a duk abin da za ku sa gaba. Mai hadda, lokacin ƙananan surori kowa a gida na yaba masa, ranar sauka kuma akwai walima da sabon ɗinki. Amma wa ke tambayar wanda ke izu na talatin, yana ƙara sabo tsoho na zubewa? Ɗalibar jami'a a shekarar farko hoto take ta ɗauka a bakin ƙofar makaranta, a ta ƙarshe tana ƙirga kwanaki. A aji uku ne take kiran gida da kuka tana cewa ita fa ba wannan fannin ya dace da ita ba. Yaron shagon ɗinki ya wuce murnar taka keke, bai kai a ba shi yankan shadda ba, wata shida ke nan yana sa maɓalli da guga, sai ya fara jin ai sana'ar waya ta fi. Amarya ma, kayan ɗaki sun fara dushewa, 'yan ganin ɗaki sun ɗauke ƙafa. Duk waɗannan ba su yi kuskuren zaɓi ba, galibinsu. Zagaye na uku suka shiga, ba wanda ya gaya musu akwai shi. Abin da ya fi ba ni tsoro game da ku shi ne yadda sauya layi ya yi sauƙi a zamaninku. Na san samari da suka fara sana'a biyar cikin shekara uku. Sun ƙware a zagayen farko, ba su taɓa jin ƙararrawa ba.

Bari in ba ku labarin macen da a ganina ta fi kowa sanin wannan zagaye. Sunanta Maria Mutola, 'yar Mozambik. An haife ta a 1972 a Maputo, ta tashi a unguwar talakawa ta Chamanculo, ƙasar na fama da yaƙin basasa. Ƙwallo take bugawa cikin maza, don ba ta samu ƙungiyar mata ba. Wani mashahurin marubucin waƙoƙi na ƙasar, José Craveirinha, ya gan ta a fili ya gane wannan ƙafa ta gudu ce, ya haɗa ta da ɗansa wanda ya san harkar. Da ta ɗanɗana wahalar atisaye sai ta ce ita ba za ta iya ba. Lallashin ta aka yi ta dawo. Duk sanda na zo nan a labarin nakan tuna da yarinyata: ita Mutola ta samu wanda ya bi ta har gida, tawa kuwa malamarta ce ta raka ta ɗakin magani.

A 1988, tana da shekara 15, aka kai ta Olamfik a Seoul, aka fitar da ita tun a matakin farko. A 1991 ta samu tallafin kwamitin Olamfik ta tafi wata makarantar sakandare a Springfield, jihar Oregon ta Amurka, ba ta jin Turanci. Can ta faɗa hannun wata mai horarwa, Margo Jennings, suka yi shekara da shekaru tare. A 1993 ta ci zinaren mita 800 na gasar rufaffen zaure a Toronto, tana da shekara 20, ta kuma ci na gasar duniya ta waje a Stuttgart a shekarar. Daga nan ta ci na zaure a Basalona a 1995, Paris a 1997, Lisbon a 2001, Birmingham a 2003, Budapest a 2004, Mosko a 2006. Zinare bakwai a tsere guda.

In aka jera muku su haka, sai ku ce hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Ku dubi tsakiyar. A 1995, a gasar duniya ta waje a Gothenburg ta Suwidin, lokacin ba mai ja da ita, aka kore ta a matakin kusa da na ƙarshe saboda ta taka layi. Ba wadda ta fi ta gudu a filin nan, amma daga kan kujerar 'yan kallo ta ga Ana Quirot ta Kyuba ta ɗauki zinaren. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. A Olamfik ta Atlanta a 1996, inda kowa ya ba ta, tagulla ta samu. A 1997 mahaifinta ya rasu a haɗarin mota 'yan makonni kafin gasar Paris. Da baƙin ƙyalle a rigarta ta yi gudun. A gasar waje ta Atina a shekarar, tagulla kuma. A 1999 wata 'yar Jamhuriyar Cek, Ludmila Formanová, ta doke ta a zaure a Maebashi ta Japan, ta sake doke ta a waje a Sevilla. Shekara biyar ke nan ana ce mata gwana, babban abin da take nema yana zille mata, shekaru kuma suna ja. Da irinmu ne da mun ce hannu aka sa mana.

Abin da ta yi bayan Gothenburg shi nake so ku riƙe. Ba ta ɓata watanni tana zagin alƙalai ba. Cikin 'yan makonni ta je Brussels ta yi mita 1000 cikin minti 2 da sakan 29.34, mace ta farko da ta taɓa sauka ƙasa da minti biyu da rabi. Fushin nata a ƙafa ta zuba shi. Zinaren Olamfik kuwa bai zo ba sai a Sidni a 2000, a zuwanta na huɗu, shekara goma sha biyu bayan Seoul. Shi ne na farko a tarihin Mozambik.

Akwai wani abu kuma da gudun zaure yake koyarwa wanda na waje bai fito da shi sosai ba, wato maganar wurin tsayawa. Miƙaƙƙiyar hanya a zaure gajeriya ce, kafin ki ce kin buɗe ƙafa kwana ta zo. In kika fita layi na biyu don ki wuce wata, kika yi zagaye guda a can, kin ƙara wa kanki kusan mita shida, kusan sakan guda ke nan. Sakan guda kuwa dukiya ce: a Lisbon a 2001, abin da ya raba Mutola da Stephanie Graf ta Ostiriya kashi huɗu ne cikin ɗari na sakan, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo. Saboda haka kowa na son layin ciki, a lafe bayan wata, ana tafiya a inuwarta. Daɗi ne da shi, har zuwa lokacin da za ki farga an yi miki ƙawanya: ɗaya a gaba, ɗaya a kafaɗarki ta dama, dakali a hagu. Ga ƙarfi a jikinki, ba hanyar fita. In ta gabanki ta gaji, ke ma kin gaji, ko kin gaji ko ba ki gaji ba.

Na sha ganin wannan ƙawanya a aji. Yarinya mai kai, amma ta lafe a bayan ƙawaye uku da suka riga suka sallama, tana jin kunyar ta fita gefe a ce tana nuna kanta. Fita gefe yana da tsada, ban ɓoye muku ba. Za a yi da ke, za ki yi tafiyar da ta fi ta kowa tsawo, iska kuma ke za ta buga. Amma mita shida bashi ne da ake iya biya. Wasu ma ba sa jiran a rufe su. A Belgrade a 2022, Gudaf Tsegay ta Habasha ta kama gaba a mita 1500 tun daga tashi, ita kaɗai da agogo, ta gama cikin minti 3 da sakan 57.19, ta ba ta biyu ratar fiye da sakan biyar. 'Yan ƙasarta biyu, Axumawit Embaye da Hirut Meshesha, suka biyo ta, Habasha ta kwashe lambobin uku. A lokacin yaƙi ya yanke waya da hanya tsakanin Tigray, yankin su Gudaf, da sauran duniya. Ba kowa ke da ƙarfin yin irin nata ba, kuma wadda ta gwada ba shiri za ta ji jiki. Sai dai ko ba ki kai Gudaf ba, ki riƙa ɗaga ido kina duba wa kike bi.

Ita dai zuciyar nan mai ba da shawara a zagaye na uku, wani lokaci ba sassautawa take cewa a yi ba, gajeriyar hanya take nunawa. A Valencia ta Sifaniya a 2008, wata 'yar Rasha, Yelena Soboleva, ta ci mita 1500 har da kafa tarihin duniya na zaure, wata 'yar ƙasarsu ta bi mata. Kafin Olamfik ta shekarar aka gano fitsarin da suke bayarwa a gwada ba nasu ba ne. Aka soke tarihin, aka karɓe lambobin, zinare ya koma hannun Gelete Burka ta Habasha, wadda ta uku ta zo a ranar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ku lura da ɓarnar da ya bari: an ba Burka lambarta, ba a iya mayar mata da daren ba, da tutar ƙasarta a sama, da taken da ya kamata a buga mata. Mai satar amsa a jarrabawa yana ganin kansa kawai ya taimaka, alhali kujerar wani ya hau. Su kuma samarin da ke haɗiyar tiramol don su jure aiki, ba gajiyar suka kashe ba, ɗan aiken da ke kawo musu labarinta suka kashe. Tana nan tana taruwa, ranar biya kuwa har da ruwa.

Kada kuma ku juya maganata ku ce Hajiya ta ce kowane zafi a cije. A'a. Akwai zafin aiki, akwai zafin ɓarna. Keely Hodgkinson ta Birtaniya ta je Belgrade a 2022 ita ake ba zinaren mita 800. Tana ɗumama jiki ta ji tsokar cinyarta ba daidai ba, ta janye ba ta shiga ba. Watanni kaɗan bayan nan ta ci azurfa a gasar duniya ta waje, a 2024 kuma ta ci zinaren Olamfik a Paris. Da ta yi taurin kai a ranar, wa ya san inda za ta tsaya? Zafin aiki a ko'ina yake, nauyi ne da ƙuna, kuma in an huta yana tafiya, kamar na yarinyata da ya bar ta cikin kwata. Zafin ɓarna wuri guda yake soka, kuma ƙaruwa yake yi. Maigidan da ke duka, aikin da ke sa ka cin haram, ciwon da ke hana barci, waɗannan ba zagaye na uku ba ne, kada wani ya rufe muku baki da kalmar haƙuri. Wahalar ita ce mai gudu ba ta cika iya bambance su ita kaɗai ba, shi ya sa ko zakarar duniya take da mai horarwa a bakin fili. Ku nemi babba wanda ya taɓa bin hanyar da kuke kai, ba wanda zai tausaya muku kawai ba. Ni na tausaya, kun ga abin da tausayina ya haifar.

Wadda ta ci zinaren da Hodgkinson ta bari ita ce Ajeé Wilson ta Amurka, wadda ta zo ta biyu a 2016, ta sake zuwa ta biyu a 2018, duk a bayan Francine Niyonsaba ta Burundi, sannan annobar korona ta ɗage gasar 2020. Shekara shida tsakanin azurfarta ta farko da zinarenta.

Mutola kuwa ta dawo zaure karo na ƙarshe a Valencia a 2008, tana da shekara 35, tana neman na takwas. Tseren ya tafi a hankali, Tamsyn Lewis ta Ostareliya ta cinye, Mutola ta zo ta uku. Ta je Olamfik ta shida a Beijin ta zo ta biyar, ta ajiye takalmi. Kun san abin da ta koma yi? Ƙwallon da aka raba ta da shi tana yarinya. Har ta sa wa ƙasarta riga a ƙungiyar mata tana dab da shekara arba'in.

A watan Maris na 2024 aka yi gasar a Glasgow ta Sikotilan. Jikata ce ta nemo mini tseren ƙarshe na mita 800 a wayarta, muna zaune a tabarma bayan isha'i, tana riƙe da wayar ina gyara tabarau. Tsige Duguma ta Habasha ta zo ta ɗaya, Jemma Reekie 'yar gida ta biyu. Ta uku ita ce Noélie Yarigo, 'yar Jamhuriyar Benin, maƙwabtanmu, haifaffiyar Natitingou can arewacin ƙasar. Benin ba ta taɓa samun lamba a gasar duniya ta guje-guje ba sai a daren nan. Jikata ta ga irin murnar da matar take yi, sai ta taɓe baki.

"Hajiya, ta uku fa ta zo. Murnar me take yi haka?"

Na ce mata a ƙarshen 1985 aka haifi matar nan, ta lissafa mini. Ta ƙirga da yatsu, ta dube ni, ta sake ƙirgawa.

"Talatin da takwas? Ai ta girmi Umma."

Ta ja bidiyon baya zuwa farko. Na ce kada ta kai farko, ta tsayar da shi daidai inda allon ƙirga zagaye ya nuna saura biyu, ta bar ƙafafunsu, ta dubi fuskokin.